Michael Faraday (1791–1867): Ɗan Maƙerin da Ya Mai da Zinare Jan Ruwa

A al'adar Hausawa, ko a Batsari ko a Safana, ɗan maƙerin baƙi uwar maƙera yake gada, zinare kuwa sana'ar maƙeran fari ce. Michael Faraday ɗan maƙerin baƙi ne, amma ɗaya daga cikin manyan bincikensa na ƙarshe a kan zinare ya yi shi.

An haife shi a Newington Butts, kusa da Landan, ranar 22 ga Satumba, 1791. Talauci ya hana shi zurfafa karatu. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai wajen George Riebau, inda ya shekara bakwai yana karanta abin da yake ɗinkawa. A 1813 masanin sinadarai Humphry Davy ya ɗauke shi mataimaki a cibiyar Royal Institution. A nan ne, cikin 1831, ya gano yadda motsin maganaɗisu ke haifar da lantarki.

A 1856, tsufa ya kama shi, mantuwa tana damunsa, sai ya karkata ga zinare da haske. Ya zuba fosfaras cikin ruwan da aka narkar da gishirin zinare, ruwan ya koma ja wur. A laccar da ya buga a 1857 ya tsaya a kan cewa zinaren ya rabu da gishirinsa, ya zama ƙwayoyin ƙarfe masu yawo a ruwa, waɗanda madubin ƙara girma na zamanin bai iya nunawa. Hujjarsa ita ce hanyar haske da ke bayyana a ruwan idan rana ta ratsa shi. Ya kuma lura cewa ɗan gishirin miya yana mai da jan shuɗi. Yau an san dalili: ƙwayoyin ne ke cuɗuwa, launin kuwa ya danganta da girmansu da tazarar da ke tsakaninsu.

Ya rasu a Hampton Court ranar 25 ga Agusta, 1867, bai taɓa ganin ƙwayoyin ba. Sai a farkon ƙarni na 20 Richard Zsigmondy da Henry Siedentopf suka ƙera na'urar hango su. A 1996 masana a Amurka suka ɗaura wa ƙwayoyin zinare zaren DNA, suka sa su haɗa kansu bisa tsari. A 2008 aka kai ga jera su sahu-sahu kamar ƙwayoyin lu'ulu'u. Kwalaben Faraday suna nan a Royal Institution, ruwansu bai daina ja ba.