Bishop Samuel Ajayi Crowther: Namijin da Ya Mallaki Kansa

Kowace shekara, idan lokacin yaye ɗalibai ya kusa, mukan lura da samarinmu na babban aji. Murya ta buɗe, gemu ya fara tsirowa, tafiya ma ta sake. Waɗansu sukan ɗauka cewa zama namiji shi ne a ji tsoronka a ɗakin kwana, ka sa ƙananan yara su durƙusa, ka rama abin da aka yi maka har da riba. Mu malamanku mun ga wannan sau da yawa. Shi ya sa a bana muka kawo muku tarihin wani bawan Allah wanda ya auna mazantaka da wani mudu dabam.

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a Osogun, cikin ƙasar Yarabawa, a Jihar Oyo ta yanzu. A 1821 masu farautar bayi suka auka wa garin, suka ƙone shi, suka kama yaron tare da mahaifiyarsa da ƙannensa. Ba a daɗe ba aka raba su. Aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, har akwai lokacin da aka yi musayarsa da doki. A 1822 aka sa shi cikin jirgin ruwan 'yan Fotugal a Legas, amma jirgin yaƙin Ingila ya tare su, aka kai bayin Saliyo aka 'yantar da su.

Yaron da ya sha irin wannan wuya yana da hujjar da zai tashi da ɗacin rai. Ajayi kuwa ya sa kansa ga karatu da koyon aikin kafinta. Cikin wata 6 ya iya karanta Sabon Alkawari. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther. A 1827 ya zama ɗaya daga cikin ɗaliban farko na kwalejin Fourah Bay. Ya auri Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka cece ta, suka zauna tare kimanin shekara 50 har rasuwarta a 1880. Herbert Macaulay da kuke karantawa a darasin tarihi jikansu ne.

A 1841 ya shiga ayarin da ya hau kogin Kwara, tare da Fasto Schön wanda ya yi nazarin harshen Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40 a tafiyar, sai hukumar mishan ta CMS ta gane cewa 'yan ƙasa ne za su iya kai bishara cikin ƙasar. Aka naɗa shi fasto a Landan a 1843. A 1846 ya isa Abeokuta, a nan kuwa ya sadu da mahaifiyarsa bayan rabuwar shekara 25. Daga baya ita ma ta karɓi baftisma, aka sa mata suna Hannatu. Ku lura da wannan: ya komo ƙasar da aka sayar da shi, yana da ilimi da goyon bayan masu ƙarfi, amma bai nemi kowa da ramuwa ba. Makaranta da Littafi Mai Tsarki cikin Yarabanci ya kawo musu.

A 1857 jirgin da yake ciki, mai suna Dayspring, ya bugi dutse kusa da Jebba ya nutse. Ya makale a yankin wata da watanni, sai ya mai da zaman jira ya zama na koyon Nufanci da sanin mutane. Ran 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishop a Canterbury, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe wannan matsayi a ikilisiyar Angilika. Aikinsa ya kai Lakwaja da ƙasar Nufe. Yakan ziyarci Etsu Masaba a Bida cikin ladabi. A fadar Ilori, a 1872, aka yi masa tambayoyi game da Yesu Almasihu, ya amsa daga cikin Littafi Mai Tsarki ba tare da zagin addinin kowa ba, kuma bai ɓoye bangaskiyarsa ba. Amincin da ya samu ya kai har Etsu Maliki ya aika masa da saƙo yana neman ya taimaka a hana fataken Turawa shigo da barasa ƙasar Nufe. Sarki Musulmi ya ga cewa wannan bishop mutum ne da za a ba amana.

Hausawa sukan ce namiji barkono ne, sai an tauna a san yajinsa. Babbar jarrabawar Crowther ta zo ne bayan ya haura shekara 80. Waɗansu samarin mishan suka iso daga Ingila da zafin himma, ba su daɗe a ƙasar ba suka yanke hukunci cewa aikinsa ya lalace. Gaskiya ne akwai ma'aikatansa da suka yi laifi, gaskiya ne kuma tsohon yana da saurin gafara, wani lokaci fiye da yadda ya kamata. Amma samarin sun haɗa mai laifi da marar laifi, suka kuma nuna raini ga baƙar fata. A taron da aka yi a Onitsha a watan Agusta 1890 suka dakatar da fastocin da shi ya naɗa, har da ɗansa Dandeson, a gaban idonsa. Bai mai da zagi ba, bai zuga jama'a ba, ko da yake da yawa suna shirye su bi shi. Ya bayyana rashin yardarsa a fili, ya sauka daga shugabancin kwamitin, ya ci gaba da hidima. A shekara mai biye ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Legas ran 31 ga Disamba 1891.

A wannan ɗakin taro, wane ne babba? Samarin suna da ƙarfi da takardu da ikon kuɗi. Tsohon yana da abin da Karin Magana 16:32 take ɗaukakawa bisa jaruntakar yaƙi, wato iko a kan fushinsa. Ya bi sawun Ubangijinsa, wanda 1 Bitrus 2:23 ta nuna mana yadda ya jure cin mutunci ya bar shari'a a hannun Allah. Babba juji ne, in ji iyayenmu. Allah kuwa bai manta ba. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗinsa, Babban Bishop na Canterbury na lokacin, Justin Welby, ya nemi gafara a fili saboda abin da aka yi masa.

'Ya'yanmu masu fita, gemu zai zo da kansa ko kun nema ko ba ku nema ba, amma dattaku sai an koya. Ana koyonsa ne a ƙananan abubuwa: ranar da ɗan aji ɗaya ya ɓata maka rai ka riƙe hannunka, ranar da ka yi kuskure ka amsa laifinka, ranar da aka ba ka amanar kuɗin ƙungiya ka mai da su cif. Ku 'yan mata, wannan mudu naku ne ku ma, da shi kuma za ku auna masu neman aurenku. Addu'armu ita ce duk inda kuka je, a kasuwa ko ofis ko ikilisiya, maƙwabtanku na kowane addini su same ku mutanen da za a ba amana. Ubangiji ya taimake mu duka. Amin.