Filifo Burunelleski, Wanda Ya Shigar da Nisa Cikin Allo

Da yawa daga cikinmu su kan ƙosa da darasin zane, domin suna ganin jan miƙaƙƙen layi da kewaya da'ira aikin yara ne. Saboda haka mu ka ga ya kamata mu kawo labarin mutumin da ya aza harsashin wannan ilmi, ko ma san darajar abin da mu ke rainawa.

An haifi Filifo Burunelleski a birnin Fulorans ta ƙasar Italiya cikin 1377. Ubansa marubucin takardun shari'a ne, amma yaron sai ya karkata ga aikin hannu, ya koyi ƙirar zinariya da azurfa. Cikin 1401 manyan garin su ka sa gasa tsakanin gwanaye, don a sami wanda zai ƙera ƙyamaren tagulla na ɗakin baftisma da ke gaban babbar majami'arsu. Filifo ya shiga, amma a ƙarshe aikin ya faɗa hannun abokin takararsa, Giberti. Wannan abu ya yi masa zafi ƙwarai. Masu tarihinsa sun ce sai ya tafi birnin Rum tare da abokinsa Donatello, ya yi ta auna kangayen mutanen dā, yana zana su.

Da ya komo gida sai ya yi wani gwaji wanda ya ba mutane mamaki. Ya tsaya daga cikin ƙofar majami'ar, ya zana ɗakin nan na baftisma mai kusurwa takwas a kan ɗan ƙaramin allo. Maimakon ya shafa launi a wurin sama, sai ya liƙa gogaggiyar azurfa, don gizagizai na gaske su riƙa gilmawa a ciki. Sa'an nan ya huda allon daidai wurin da ke fuskantar idonsa. Mai kallo ya kan tsaya inda ya tsaya, ya leƙa ta hudar daga bayan allo, yana riƙe da madubi a gaba, sai ya ga zanen cikin madubi. In ya kawar da madubin sai ya ga ginin kansa, ya tarar ba su saɓa ba. Allon ya ɓace, amma Manetti, wanda ya rubuta tarihinsa, ya bar mana bayaninsa.

Abin da gwajin ya tabbatar shi ne ka'idar da a ke koya mana yau. Layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa a ƙasa shimfiɗaɗɗiya, kamar gefuna biyu na hanya, in sun yi nisa sai ido ya ga sun haɗu a ɗigo ɗaya, ɗigon kuwa yana daidai da tsayin idon mai kallo. Mutum biyu masu tsayi ɗaya, in nisan ɗaya ya ninka na ɗaya, to, rabin tsayin na kusa za a ba shi. Haka kuma bakin ƙwarya kewayayye ne, amma in an dube shi daga gefe sai ya zama da'ira matsattsiya, kuma gwargwadon yadda ya kusanci tsayin ido, gwargwadon yadda ya ke ƙara matsewa. Cikin 1435 wani masani, Alberti, ya rubuta waɗannan ka'idodi a littafi, da ya juya shi da harshen Italiya kuwa ya sadaukar da shi ga Filifo.

Babban aikinsa dai shi ne ƙubbar majami'ar. An daɗe an bar saman ginin a buɗe, don faɗinsa ya fi ƙafa 140, ba wanda ya san yadda za a rufe shi. Filifo ya fara ginin cikin 1420, ya gama cikin 1436, ba tare da ya tokare ta da katakai daga ƙasa ba. Ya yi ta ninki biyu, ta ciki da ta waje, ya jera tubalan suna sarƙe da juna don kada su zame, ya kuma ƙago injin da shanu ke juyawa mai ɗaga duwatsu sama. Ya rasu ran 15 ga Afrilu 1446, aka binne shi cikin majami'ar. Ƙubbar tana nan tsaye har yau.

To, 'yan'uwa, gobe mu ne za mu tsaya gaban allo, yara sun zuba mana ido. Malamin da hannunsa ke rawa in zai ja layi, yaya zai zana wa almajiransa taswira, ko rijiya, ko ɗaki su gane? Filifo bai iya rufe ƙubba ba sai da ya shekara yana awo da zane. Sai mu riƙa cika shafi guda kowace rana da layuka da da'irori, muna jan su daga kafaɗa, mu kuma nemi tsayin ido tukuna kafin mu zana kome. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ba mu haƙurin koyo, amin.