Rafayel Lemkin, Mutumin Da Ya Raɗa Wa Mugun Laifi Suna

An haifi Rafayel Lemkin ran 24 ga watan Yuni, 1900, a wata gona kusa da garin Wolkowisk. A zamanin nan wurin yana ƙarƙashin Sarkin Rasha, yau kuwa yana cikin ƙasar Belarus. Iyayensa Yahudawa ne. Ubansa Yusufu manomi ne, uwa tasa Bella kuwa mace ce mai ilimi ƙwarai, ita ce ta koya wa 'ya'yanta karatu a gida.

Sa'anda ya ke yaro ya karanta wani littafi mai suna Quo Vadis, wanda ya ba da labarin yadda Kaisar Niron ya tsananta wa Masu Bi na fari a birnin Roma, yana jefa su ga namomin jeji, jama'a suna kallo. Abin ya dame shi ƙwarai. Ya yi ta mamakin yadda za a hallaka mutane domin bangaskiyarsu kaɗai, ba mai hanawa. Shi kansa kuwa ya san tsoro tun yana ƙarami, gama a ƙasar Rasha a kan tasam ma Yahudawa loto loto, a kashe su, a washe kayansu.

Da ya girma ya shiga jami'a a birnin Lwow, cikin ƙasar Polan. Yana can sai wani abu ya faru wanda ya juya rayuwarsa duka. Tun daga 1915 mahukuntan daular Turkawa suka kori Armeniyawa daga gidajensu, suka karkashe su, waɗansu kuma suka mutu da yunwa da ƙishirwa cikin hamada. Waɗanda suka hallaka sun kai wajen miliyan ɗaya ko fiye. Ɗaya daga cikin manyan da suka shirya abin, Talat Pasha, ya gudu zuwa Balin yana zamansa lafiya. Ran 15 ga Maris, 1921, wani saurayi Ba'armeniye mai suna Soghomon Tehliriyan ya harbe shi a kan titi. Aka kama saurayin, aka kai shi gaban shari'a, daga baya aka sake shi.

Lemkin ya tambayi malaminsa dalilin da ya sa aka gurfanar da wanda ya kashe mutum ɗaya, amma ba a taɓa kama wanda ya kashe dubun dubbai ba. Malamin ya amsa ma sa da misalin mai kaji: idan mutum ya yanka kajinsa, ba ruwan maƙwabci, wanda ya tsoma baki ma shi ne mai laifi. Haka dokar duniya ta ɗauki kowace gwamnati da talakawanta a lokacin. Lemkin bai yarda ba ko kaɗan, gama mutane ba kaji ba ne. Sai ya duƙufa kan koyon shari'a, ya gama a 1926, ya zama mai gabatar da ƙara a birnin Warso.

A 1933, shekarar da Hitila ya hau mulkin Jamus, aka yi taron masanan shari'a a Madrid. Lemkin ya aika da takarda yana roƙo a kafa doka wadda za ta hukunta mai hallaka wata al'umma da mai rushe al'adunta, ko a wace ƙasa aka kama shi. Ba a karɓi shawarar ba. Ba da daɗewa ba ya bar aikin gwamnati.

A watan Satumba, 1939, sojojin Jamus suka faɗa wa Polan. Lemkin ya gudu da ƙyar. Ya je ya roƙi iyayensa su bi shi, amma suka ƙi barin gida, suna tsammani wannan wahala ma za ta wuce kamar na dā. Ya bi ta Lituwaniya ya kai Suwidin. A can ya soma wani aiki na haƙuri: yana tattara dokoki da umarnai waɗanda Jamusawa su ke bugawa a ƙasashen da suka ci. A 1941 ya ratsa Rasha cikin jirgin ƙasa, ya bi ta Japan, ya haye teku zuwa Amurka da akwatunan takardunsa, ya sami aikin koyarwa a Jami'ar Duke.

Daga cikin takardun nan ya ga abin da mutane da yawa ba su gani ba tukuna. An rage wa Yahudawa abinci, an ƙwace dukiyarsu, an hana su sana'a, an tsare su cikin unguwannin da aka kewaye. Duk waɗannan manufarsu ɗaya ce, wato a shafe al'umma ɗungum. A 1944 ya buga babban littafi a kan mulkin Jamus cikin ƙasashen Turai, a ciki kuwa ya ƙaga sabuwar kalma, jenosaid. Ya haɗa ta daga kalmar Helenanci mai ma'anar kabila da kalmar Latin mai ma'anar kisa. Mu da Hausa mu kan ce kisan ƙare dangi. Masu karatun Littafin Esta za su tuna da abin da Haman ya ƙulla, irinsa ke nan.

Bayan yaƙi ya tafi Nuremba, inda a ke shari'ar manyan 'yan Nazi. An sa kalmarsa cikin takardar ƙara, amma alƙalai ba su yanke hukunci da ita ba. A lokacin nan ne ya ji labarin gidansu. Cikin Yahudawa wajen miliyan 6 da aka kashe akwai danginsa 49, har da uwa tasa da ubansa. Ɗan'uwansa Iliya ya tsira da iyalinsa.

Baƙin cikin nan bai kwantar da shi ba. Ya koma ya yi ta bin wakilan ƙasashe a Majalisar Ɗinkin Duniya, ba shi da ofis, ba wata gwamnati da ta aike shi. Waɗansu sun gaji da shi har su kan kauce in sun hango shi. Ran 11 ga Disamba, 1946, Majalisa ta shaida cewa kisan ƙare dangi laifi ne bisa ga dokar duniya. Ran 9 ga Disamba, 1948, a birnin Faris, aka amince da yarjejeniyar hana shi da hukunta shi, ba ƙasar da ta ƙi. Habasha ce ta fara tabbatar da ita, ta kuwa soma aiki ran 12 ga Janairu, 1951.

Yarjejeniyar ta lissafta ayyuka biyar: kashe mutanen wata al'umma, yi mu su mummunan lahani a jiki ko a hankali, sa su cikin halin da zai ƙarar da su, hana su haihuwa, da ƙwace 'ya'yansu a ba wata al'umma. Sai an nuna kuma an yi su da nufin hallaka jama'a saboda ƙasarsu, ko kabilarsu, ko launinsu, ko addininsu.

Lemkin bai yi aure ba, bai tara kome ba. Ciwon zuciya ya kashe shi a birnin New York ran 28 ga Agusta, 1959, yana matalauci, mutum bakwai kaɗai suka je jana'izarsa. Bai ga an hukunta kowa da dokarsa ba. Amurka, inda ya mutu, sai a 1988 ta tabbatar da yarjejeniyar. A 1994 aka kashe mutum wajen 800,000 a Ruwanda cikin kwana 100, yawancinsu 'yan kabilar Tutsi, duniya tana kallo. Amma ran 2 ga Satumba, 1998, kotun duniya da ta zauna a Arusha ta sami wani shugaban gunduma, Jean-Paul Akayesu, da wannan laifi. Shi ne na fari da kotun duniya ta hukunta a kansa.

'Yan'uwa masu karatu, musamman ku 'yan makaranta da ku ke nazarin waɗannan al'amura, ku lura da hanyar mutumin nan. Ya nemi shaida a rubuce, ya jera ta, ya auna ta kafin ya yi magana. Ya kuma nuna mana cewa kisa ya kan zo daga baya. Abin da ke fara zuwa shi ne a ware waɗansu mutane, a raina su, a hana su abin da a ke ba kowa. Wanda ya ga an soma haka ga maƙwabcinsa, ko da ba kabilarsu ɗaya ba, kada ya ce ba ruwansa.