Marigayi Mamadu Hadi Bah, Sojan da Aka Mance da Shi Shekara Sittin



Akwai gidaje a ƙasar Kornaka, har da nan Ɗan Gulbi, da Nasara suka ɗauki kakansu ko kawunsu soja a yaƙin Hitila. Wani ya komo, wani kuwa har yau ba a san inda ƙasa ta rufe shi ba. Domin masu neman sawun irin waɗannan magabata muka kawo tarihin wannan bawan Allah.

Mamadu Hadi Bah Bafillace ne, haifaffen Futa Jalon a ƙasar Gini. Ya tafi Faransa yana saurayi tare da iyalin wani ma'aikacin mulkin mallaka, ya zauna a garin Langeais. Da yaƙi ya ɓarke a 1939 ya shiga runduna ta 12 ta baƙaƙen sojoji, waɗanda Faransawa ke kira 'yan Senegal ko da mutum daga Nijar ya fito. A watan Yuni na 1940 Jamusawa suka murƙushe Faransa, aka kama shi aka tsare a Neufchâteau. Lokaci ne mai tsanani, domin a wurare da dama Jamusawa sun ware baƙaƙen sojoji sun harbe su bayan sun miƙa wuya. Allah ya kuɓutar da shi, ya gudu ya shiga daji.

Mutanen wani ƙaramin ƙauye mai suna Tollaincourt, a yankin Vosges, suka karɓe shi. Da ya so, da ya laɓe har ƙura ta lafa. Maimakon haka sai ya duƙufa taimakon 'yan'uwansa sojoji da suka tsere, ana ƙetarar da su zuwa Suwizalan. A 1943 shi da Marcel Arburger suka kafa sansanin ɓoye a cikin daji domin samarin Faransa da suka ƙi tafiya aikin tilas a Jamus. A wannan shekarar asirin sansanin ya tonu, aka harbe shi aka kama shi da rauni, aka gana masa azaba a kurkukun Épinal don ya faɗi sunayen abokansa. Bai ba da sunan kowa ba. Ranar 18 ga Disamba 1943 aka harbe shi tare da Arburger. Allah ya jiƙansa. Kabarinsa yana maƙabartar sojoji ta Colmar.

Abin takaici, Faransa da ya mutu dominta ba ta ba shi lambar girma ta 'yan gwagwarmaya ba sai a watan Yuli na 2003, inda 'ya'yan 'yan'uwansa suka zo daga Gini. Wannan ma ya samu ne da nacin wani tsohon hafsa, Kanar Maurice Rives, da shaidar tsofaffin ƙauyen da ba su mance da shi ba. Wani ɗan jarida, Étienne Guillermond, ya tarar da Alƙur'anin marigayin a ajiye a gidansu, ya bi sawunsa shekaru har ya wallafa littafi a kansa a 2013.

To, a lura da sunan. A bakin Faransawa da takardunsu Hadi Bah ya koma Addi Bâ. Haka magatakardan Nasara suke yi: abin da kunnensu ya ji shi alƙalaminsu ke rubutawa, Muhammadu ya zama Mamadou ko Mahaman, shekarar haihuwa kuma kintace. Saboda haka mai neman kakansa kada ya dogara ga suna kaɗai. Lambar soja ce ba ta canzawa; a neme ta cikin tsohon littafin soja, ko takardar fansho, in akwai su a ƙasan adaka. A tambayi tsofaffi tun suna raye shekarar da aka ɗauke shi, da sunan mahaifinsa da mahaifiyarsa, da kanton da aka rubuta shi. Rajistocin sojojin ƙasashenmu suna ajiye a ma'adanar takardun soja ta garin Pau, takardun fursunoni da waɗanda suka mutu a yaƙin kuma suna Caen. Ma'aikatar tsaron Faransa ta sa sunayen mamatan a shafinta na intanet, Mémoire des hommes, kuma wanda zai duba sai ya gwada sunan da rubutu biyu ko uku kafin ya fid da rai.