Ada Lovelace: Matar da ta tsara wa injin lissafi aiki tun ba a ƙera shi ba

An haifi Ada Lovelace, ɗiyar mawaƙin Ingila Lord Byron, a Landan ranar 10 ga Disamba, 1815. Jami'o'in ƙasar ba sa karɓar mata a zamanin, don haka a gida ta koyi lissafi, daga bisani ta zurfafa ta hanyar musayar wasiƙu da Farfesa Augustus De Morgan.

A 1833 ta haɗu da Charles Babbage, wanda daga baya ya zana injin lissafi mai karɓar umarni daga katuna masu huji. A 1843 ta fassara maƙalar Luigi Menabrea kan injin daga Faransanci, ta ƙara sharhin da ya zarce asalin tsawo. A ciki ta jera matakan fitar da lambobin Bernoulli, ta kuma nuna yadda rukunin katuna guda zai maimaita aiki ba sai an sake tsara umarnin ba. 

Ba a ƙera injin ba. Cutar daji ta yi ajalinta ranar 27 ga Nuwamba, 1852, tana da shekara 36. Bayan fiye da ƙarni guda, Ma'aikatar Tsaron Amurka ta raɗa wa wani harshen kwamfuta sunanta.