Taƙaitaccen Tarihin Sigmund Freud, Likitan Da Ya Bi Sawun Suɓutar Baki

Gabatarwa

A shekarata ta farko a sashen Hausa, na miƙe a gaban aji zan gode wa malaminmu, dattijo mai furfura, sai na ce masa "kin kyauta". Aji ya ɓarke da dariya. Wani abokina ya ce ai bakina ne ya tona asirin wadda nake tunani. Kunyar ranar nan ce ta sa na nemi tarihin mutumin da ya koya wa duniya zargin suɓutar baki, wato Sigmund Freud.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Freud ranar 6 ga Mayu, 1856, a garin Freiberg da ke ƙasar Cek ta yanzu. Iyayensa Yahudawa ne, mahaifinsa ɗan kasuwar ulu. A 1860 suka koma Viyana, babban birnin Ostiriya. A can ya shiga jami'a a 1873, ya zama likita a 1881. A 1885 ya tafi Faransa wurin likita Charcot, inda ya ga marasa lafiya da hannu ko ƙafa ta shanye musu alhali jijiyoyinsu lafiya lau. Daga nan ya fara tunanin cewa akwai wani sashe na zuciya da yake aiki ba da sanin mai shi ba.

Ra'ayinsa

A ganin Freud, abin da mutum ya danne saboda tsoro ko kunya ba ya mutuwa. Yakan ɓuya, ya riƙa leƙowa ta mafarki, mantuwa da suɓutar baki. Ya wallafa littafinsa kan fassarar mafarki a 1899, sannan a 1901 ya yi rubutu kan kurakuran yau da kullum.

A cikinsa ya ba da misali da kansa. A 1898, yana hira da wani a kan hanyar tafiya, sai sunan mai zanen nan na Italiya, Signorelli, ya ɓace masa, sunan Boltraffio ya riƙa zuwa a madadinsa. Da ya bi diddigi, sai ya tuna cewa a garin Trafoi ne labari ya iske shi cewa wani majinyacinsa ya kashe kansa. Ya ce gudun tuna wannan baƙin ciki ne ya haɗiye sunan. Haka kuma ya kawo labarin shugaban majalisar Ostiriya da ya zo buɗe zama, sai ya sanar cewa an rufe.

Ƙarshen rayuwarsa

Freud mashayin taba ne ƙwarai. A 1923 aka gano ciwon daji a muƙamuƙinsa, aka yi masa tiyata fiye da sau 30, amma bai iya dainawa ba. 'Yan Nazi sun ƙona littattafansa a 1933. Da suka mamaye Ostiriya a 1938 ya yi hijira zuwa Landan, inda ya rasu ranar 23 ga Satumba, 1939, yana da shekara 83. 'Yan'uwansa mata huɗu da suka rage a Viyana sun mutu a sansanonin Nazi.

Kammalawa

Mu ɗaliban harshe ya kamata mu san cewa tun yana raye an ja da shi. Rudolf Meringer, masanin harshe da ya tattara kurakuran magana a 1895, ya nuna cewa yawancinsu daga kamannin sauti da tsarin kalma suke tasowa. Masana na yau sun fi karkata ga Meringer, sun kuma yi watsi da ra'ayoyin Freud da dama domin ba a iya gwada su. Duk da haka sun yarda cewa yawancin aikin ƙwaƙwalwa yana gudana ba da saninmu ba.

Ni dai babu wata yarinya a bayan "kin" ɗina. Yarbancin da na tashi da shi ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna, shi ne ya riga ni magana. Saboda haka 'yan'uwana masu koyo, in baki ya suɓuce, a fara duba harshen uwa kafin a zargi zuciya.