Denis Jenkinson: Ɗan jaridar da ya ɗauko labarinsa daga cikin motar tsere

Da ƙarfe 7:22 na safiyar ranar 1 ga Mayun 1955, wata mota ƙirar Mercedes-Benz 300 SLR ta tashi daga birnin Brescia na Italiya. Stirling Moss ne riƙe da sitiyari. A gefensa kuma wani gajeren mutum ne mai gemu da tabarau, rungume da ɗan akwatin ƙarfe. Sunansa Denis Jenkinson, wakilin mujallar Motor Sport ta Birtaniya.

An haife shi a Landan a watan Disambar 1920, ya kuma karanci aikin injiniya. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a cibiyar binciken jiragen sama da ke Farnborough, inda ya san Bill Boddy, editan Motor Sport na shekaru masu yawa.

Tsere ya fara yi kafin rubutu ya zama sana'arsa. Shi ne ke zama a ɗan keken da ake liƙa wa babur a gefe, yana leƙo da jikinsa waje a kowace kwana don kada babur ɗin ya kife. A haka shi da Eric Oliver suka lashe gasar duniya a 1949. Daga 1953 ya zama wakilin mujallar a nahiyar Turai, yana sa hannu da haruffa uku kawai, DSJ. Duk bazara yana kan hanya, daga wannan filin tsere zuwa wancan, shekaru da dama a cikin Porsche 356, daga baya a Jaguar E-Type. Da hannu yake rubuta rahotanninsa.

Gasar da suka shiga a 1955, wato Mille Miglia, tseren kusan kilomita 1,600 ce a kan titunan da jama'a ke bi, daga Brescia zuwa Rum a dawo. Direbobin Italiya sun san hanyar tun suna yara, baƙo kuwa ba zai iya haddace ta ba. Sai Jenkinson da Moss suka riƙa zagaya ta kafin ranar, yana rubuta kowace kwana mai haɗari da tudu da gada da mahaɗar layin dogo. Ya tattara bayanan a doguwar takarda mai tsawon sama da mita 5, ya naɗe ta a cikin akwatin nan, yana murzawa tana fitowa ta wata 'yar taga. Ƙarar inji ba ta barin a ji magana, don haka da alamun hannu yake sanar da Moss abin da ke gaba.

Abin da hakan ke nufi shi ne, Moss na iya hawa tudun da bai ga bayansa ba a gudun kusan kilomita 270 a awa, don kawai ɗan jarida ya nuna masa cewa hanya miƙe take. Kuskuren layi ɗaya ya isa ya kashe su duka. A tsakiyar tafiya zafi da warin mai suka sa Jenkinson amai, iska ta fizge tabaraunsa, ya zaro wani daga aljihu ya ci gaba da karatu.

Sun kammala cikin awa 10 da minti 7 da daƙiƙa 48. Juan Manuel Fangio, wanda ya tuƙa irin motarsu shi kaɗai, ya zo na biyu da tazarar sama da rabin awa. Ba a karya wannan tarihi ba har aka soke gasar a 1957, bayan haɗarin da ya kashe 'yan kallo tara. Rahoton da Jenkinson ya rubuta a fitowar watan Yuni har yau ana sake buga shi.

Sai dai wannan jarumta ta sa ya yi taurin kai a inda bai kamata ba. Da Jackie Stewart ya fara fafutukar a saka shingayen kariya da likitoci a filayen tsere, a shekarun da direbobi ke mutuwa kusan kowace kaka, Jenkinson ya yi ta caccakarsa a mujalla. A ganinsa haɗarin ne ke bambanta gwani da gama-gari. Stewart ne ke da gaskiya, kuma matakan da ya nema sun ceci rayuka.

A kan tsofaffin motoci ma bai da sassauci, amma a nan ya yi amfani. Da farashinsu ya fara tashi, sai dillalai suka riƙa harhaɗa sabuwar mota a kan tsohuwar lambar shasi suna sayarwa a matsayin ta tarihi. A 1987 ya fitar da kundin tsofaffin motocin tsere, inda ya bambance ta asali da wadda aka sake ginawa da kwaikwayo zalla.

Bai taɓa aure ba. Ya zauna a wani ɗan gida a yankin Hampshire wanda ba a ja masa wutar lantarki ba, cike da injina da sassan babura. Ya rasu a watan Nuwambar 1996, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara 76.